Tukunyar da Inna Ta Sayo a Kasuwar Guci

Na san abin da kuka taso kuna ji a kaina. Ba wanda ya faɗa muku a gabana, amma na sha ganin yadda kuke sunkuyar da kai idan matan dangin babanku suka taru wurin suna ko biki, wata ta ce, "Ai da gidan Malam ɗaya ne, kafin tukunyar ƙarfe ta shigo," sauran su yi dariya ƙasa-ƙasa. Da ni ake. Ni ce Habsu mai raba gida. Na daɗe ina shiru saboda waɗanda maganar ta shafa suna raye. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni da tukunyar, ita kuwa ba baki gare ta ba, don haka ku natsu ku ji yadda aka yi.

Gidan kakanku Malam, a ƙauyenmu na kusa da Guci, gidan gandu ne. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Babanku da wansa Sale suna noma a ƙarƙashin tsohon, ni da Gambo matar Sale muna karɓa-karɓar girki, amma awo yana hannun kakarku, wadda muke kira Inna. Malam kaɗai ke hawa rumbu, mace ba ta leƙa shi. Shi zai sauko da dami ya miƙa wa Inna, a sussuka, ita ta auna da tiya ta ba mai girki. A al'adarmu ta lokacin ba a ce wa ɗa ya fita gandu da baki. Uwar miji ce za ta sayo wa matarsa tukunya da muciya ta ajiye mata a ƙofar ɗaki. Duwatsun murhu kuwa ba a ba ki, ke za ki nemo ki kafa da hannunki. Ranar da hayaƙi na biyu ya tashi a gidan, an raba ke nan: a yankar wa mijinki gona, rumbun tsoho ya fita daga rabonku. A shekarar ƙoshi abin murna ne, har guɗa ake yi. A shekarar yunwa kuwa kora ce, kowa ya san haka.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda soja suka karɓi mulki, ƙarshen babbar yunwar nan. Damina biyu sun wuce ba mu ga abin kirki ba. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga baya ya koma kunu mai kauri da ake kira tuwo don kunya, ana ƙara masa dusa da ganyen tafasa. Mata suna tafiya daji ɗiban 'ya'yan itacen anza, a jiƙa ta a yi ta zubar da ruwan har ɗacin ya ragu. Yara sun daina wasa a tsakar gida, sai kwanciya a inuwar danga. A cikin wannan hali mutum ɗaya na sani da ke da hatsi, shi ne mahaifina, Baffa, can wajen Yekuwa. Shi mai shanu ne kuma manomi. Tun da ya ga ciyawa ta ƙi, ya kaɗa rabin garkensa ya tsallaka iyaka ya sayar, ya dawo da buhunan gero a kan raƙuman haya. Mutane suka ce Baffa ya zautu, wa ke sayar da saniya ya sayi abin da kaza ke ci? Shanun masu dariyar suka mutu a tsaye. Da ya ji halin da muke ciki ya aiko da buhu ɗaya a kan jaki. Malam ya fito zaure, ya dubi buhun, ya dubi ɗan aiken.

"Ka gaishe shi, ka ce na gode. Ka kuma ce masa ban mutu ba tukuna, da suruki zai ciyar mini da gida."

Jakin da ya kawo buhun shi ya mayar da shi. Ina leƙe ta kafar danga, na ga bayansa yana tafiya, na koma ɗaki na yi kuka har idona ya kumbura. Inna tana zaune tana kaɗi, ko kai ba ta ɗaga ba.

Ya kamata ku san ni da Inna ba ma shiri, kada wani ya gyara muku wannan. Tun ina amarya ta sa mini suna 'yar masu shanu. Tuwona a wurinta kullum da gudaji, miyata ko gishiri ya yi yawa ko daddawa ba ta ji ba. Idan na yi dama ta ce madara kawai aka koya mini a gidanmu. Ba ta taɓa ba ni ko allura ba. Ni ma ba baya ba ce, bakina ba ya barin ta kwana, sai dai ina mayarwa cikin ladabi yadda ba za a kama ni da laifi ba. Saboda haka da aka wayi gari ranar kasuwar Guci aka ga Inna ta ɗaure akuyarta ta ƙarshe da igiya ta fita, ita da ta shekara da shekaru ba ta taka kasuwa ba, duk muka ɗauka hatsi za ta sayo. Gambo har ta wanke turmi.

Da la'asar sai ga ta, ba akuya, ba hatsi. Wani mai jaki ya sauke mata kaya a tsakar gida. Ta kwance su ɗaya bayan ɗaya, a ƙofar ɗakina, a hankali, yadda kowa zai gani. Tukunyar ƙarfe sabuwa fil, irin ta ƙira, da murfinta, tana walƙiya har ba a iya kallonta a rana. Muciya mai kauri ta sabon itace. Maburgi. Marar kwasar tuwo. Ludayi biyu na duma. Rariyar tankaɗe mai waya, wadda a lokacin sai matan birni. Duk macen da ta san girki ta ga waɗannan kaya sai ranta ya biya, kuma ba zan ɓoye muku ba, hannuna ya so ya taɓa rariyar nan. Amma na riga na san ma'anarsu.

"Ga naki," in ji Inna.

Na durƙusa na ce, "Inna, me na yi?"

"Kyauta sai an yi wani abu? Ba ke ce kullum kike cewa tukunyar ƙasa ke sa tuwonki gudaji ba?"

Gambo da ke riƙe da taɓarya ta ce, "Ikon Allah. Ashe ana shirya abu a gidan nan ba mu da labari."

Malam yana zaune a kan buzunsa, ya dubi tukunyar, ya dubi matarsa, ya tashi ya fita masallaci alhali lokacin salla bai yi ba.

Daga ranar gidan ya cika da zargi, kowa yana kallon kowa ta wutsiyar ido. Gambo ta ɗauka ni na roƙa a raba mu don in ci hatsin ubana ni kaɗai. Sale ya ɗauka babanku ne ya kitsa da uwarsa. Ni kuwa na tabbata Sale da Gambo ne suka zuga tsohuwa a rage bakuna huɗu daga rumbu, mu biyu da yayarku Zuwaira da Lawali da ke goye. Babanku, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sanyi, amma ranar ya tare ni a bakin rijiya da murya wadda ban san shi da ita ba.

"Ki gaya mini tsakaninki da Allah, ke kika nema?"

"In nemi kora? Kai ma kana ganin na yi kama da mahaukaciya?"

"To kada ki kuskura ki ɗora ta a wuta. Ni ba zan bar ubana a shekarar nan ba, a ce na gudu da ya fi bukatar hannuna."

Na tura tukunyar ƙarƙashin gado. Kafin nan sai da na bincike ta ciki da waje, na shinshina, na goge ta da toka, na duba gindin muciyar ko an huda an cusa wani abu, don har asiri na zarga. Ban ga komai ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, girmanta. Tukunyar raba gida ƙarama ake saye, daidai mata da miji da 'ya'yansu. Wannan kuwa Zuwaira za ta iya zama a ciki a rufe. Na ce a raina, wato ba kora kaɗai ba, har da izgili: ga babbar tukunya, 'yar masu shanu, sai mu ga abin da za ki zuba.

Inna ba ta bar ni na huta ba. Kowace safiya idan na je gaishe ta, maimakon ta amsa sai ta ce wai ta ga wasu duwatsu masu kyau a bayan tsohuwar rijiya. Ran girkina ta riƙa tsayawa a kaina tana cewa tukunyarta ta tsufa, hannuna ya yi mata nauyi, zan fasa mata. Awon kuma kullum raguwa yake, tiyar da ake cikawa har ta yi tozo ta koma ana shafe bakinta da hannu, daga baya ko bakin ba ta kaiwa. Na zargi tana ɓoye wa 'ya'yan Gambo, har na riƙa bin ta da ido idan ta shiga ɗakinta. Ana haka ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka shiga lokacin da ya fi kowane wuya, ga aiki ga ba abinci. Zuwaira ta fara zawo saboda anza. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura. Wata safiya na ɗaga ta don in yi mata wanka, na ji ba ta fi nauyin ƙwarya ba. Na kai ta gaban Inna na ce a ƙara mata ko ludayi ɗaya na kunun gero tsantsa.

Ta dubi yarinyar, ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce, "Wanda ke da tukunya a ƙarƙashin gado ba ya roƙon ludayi."

Ban taɓa ƙin mutum kamar yadda na ƙi ta a wannan safiyar ba. Na goya Lawali, na kwantar da Zuwaira, na tafi bayan tsohuwar rijiya. Duwatsun suna nan kuwa, guda uku, a jere, kamar an ajiye. Na ɗauko su ɗaya-ɗaya a ka. Na kafa su a gefen ɗakina, na ɗora tukunyar, na zuba ruwa zalla, don ba ni da ko ƙwayar hatsi, na hura wuta. Hayaƙin ya tashi sama da danga. Ina jin matan maƙwabta suna kiran juna su zo su gani. Babanku ya dawo daga gona da hauya a kafaɗa, ya tsaya a bakin ƙofa yana hawaye. Da yamma Malam ya kira 'ya'yansa biyu zaure, ya yankar wa babanku gonar jigawa ta arewa, wadda ko a shekarar kirki ba ta cika rumbu.

Washegari, tun rana ba ta yi zafi ba, sai ga jakunan Baffa a ƙofar gida, shi da kansa a bayansu da sandarsa. Daga Yekuwa zuwa garinmu ba tafiyar da labari zai je ya dawo a kwana ɗaya ba ce. Na tambaye shi wa ya gaya masa.

"Ai tun ranar kasuwar nan wata mai daddawa ta kawo mini saƙo, wai an raba ku. Na zo har sau biyu ina hangen gidan daga kan tudu, ban ga hayaƙi biyu ba, na koma. Jiya da na sake zuwa da jakunan na gani, na kwana a nan kusa."

"Wa ya aiko ta?"

"Ta ce wata tsohuwa mai akuya."

Ko a nan ban yi mata kyakkyawan zato ba. Na ce wato tun kafin in yarda ta riga ta yaɗa ni a kasuwa. Malam ya fito ya gaisa da Baffa, ya ga ana shigar da buhuna, bai iya hanawa ba. Ba gidansa aka kawo wa ba, tukunyar 'yar mutum ce, uba kuwa yana da ikon cika tukunyar 'yarsa.

Ranar na surfa, na daka, na tankaɗe da sabuwar rariya, garin ya fito lukui kamar na bikin birni. Na auna daidai mu huɗu. A cikin wannan ƙatuwar tukunya abin ya kwanta a gindi, kafin in juya muciya sau biyu ya fara kamawa, ƙauri ya cika gidan. Inna ta zo wucewa da butarta, ba ta ko kalle ni ba.

"Tukunyar ƙarfe ba ta son ɗan girki, ƙonewa take. In za ki cika ta ki cika ta."

Kashegari na ƙara awo. Ina cikin tuƙi sai ga 'ya'yan Gambo, wai Inna ta aiko su su tambaya ko na ga maburginta. Bayansu ga marayun ƙanwar babanku da ake riƙo a gidan, wai Inna ta ce su kawo mini itace, kowanne da ɗan tsinke a hannu. Suka zauna a gefen murhu suka zuba wa tukunyar ido. Kun san yadda yake, yaron da kwasa ta same shi a bakin murhu ba a tashinsa, ko ɗan maƙiyinka ne. A nan na gane. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don tuwon ba, don an yi aiki da ni kamar jakin da aka rufe wa ido. Na sa mara na kwasa, na cika musu ƙwarya, ina kwasa ina zagin tsohuwar a zuci. Suka ci har suna lasar yatsu. Ƙaramin ya yi barci da tuwo a hannu.

Haka muka yi har kaka. Kullum da sabon dalili, yau maburgi, gobe aron wuta, jibi wai kaza ta shigo wajena. Daga baya ma aka daina neman dalili. Malam idan ya ga lokacin kwasa ya yi sai ya tuna yana da magana da liman. Manya kuwa ba wanda ya taɓa tuwona, sun ci gaba da tukunyar ƙasa da dusarsu, sai dai yanzu abin da ke rumbu na manya ne kaɗai, shi ya sa ya kai su. Sau da yawa na zuba a akushi na rufe da faifai na kai wa Inna. Ta buɗe, ta duba, ta mayar da faifan.

"Har yanzu da gudaji. Kai wa yara."

Babu gudaji ko ɗaya, rariyar da ta saya da kanta ba ta barin gudaji. Ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu. Zuwaira kuwa ta tashi, kumburin ya saɓe. A ƙauyen nan an binne yara a daminar, ba zan faɗi gidajen ba, kun san wasunsu. Daga gidan Malam ba a fitar da ko ɗaya ba.

To amma gandu bai sake haɗuwa ba, don abin da hayaƙi ya raba ba a mayar da shi. Babanku da Sale ba su ƙara noma kunya ɗaya ba, gaisuwarsu ta koma ta maƙwabta. Babanku ya yi ta fama da gonar jigawa har ƙarfinsa ya ƙare, kuma na san har ya rasu akwai wani abu a ransa game da ni wanda bai furta ba. A bakin rijiya aka sa mini sunan da kuka sani. Gambo, wadda 'ya'yanta suka yi ƙiba a bakin murhuna, ba ta taɓa buɗe baki ta kare ni ba. Ban ga laifinta sosai ba, in ta kare ni ta tona cewa hatsin Baffa ne ya ciyar wa mijinta 'ya'ya.

Bayan an yi girbi an ɗaure dammuna, na sami Inna ita kaɗai tana sussukar wake a inuwar rumbu. Na durƙusa, amma ba gaisuwa ta kawo ni ba.

"Inna, kin ji sunan da ake kirana da shi."

"Na ji."

"Ke kika san gaskiya. Ki faɗa a gaban mata, ko sau ɗaya."

Ta ci gaba da aikinta. Can ta ce, "In na faɗa, Malam ya zama mutumin da suruki ya ciyar masa da jikoki. Ke yarinya ce, za ki iya ɗaukar suna ki yi tafiya da shi. Shi in aka ɗora masa, ba zai kai baɗi ba."

"To me ya hana ki gaya mini tun farko, ni kaɗai?"

"Da bakin nan naki? Da kafin magariba an ji har garin Dungas."

Na so in yi fushi, dariya ta kusa ƙwace mini, don ba ƙarya ta yi ba. Na tashi zan tafi, sai na juyo na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina, dalilin da ya sa ta zaɓi mai girma haka. Ta ce mai tukwanen ma ya tambaye ta, tsohuwa, wannan ta gidan biki ce, mutum nawa za a ciyar? Ita kuwa ta tsaya a gabansa ta lissafa jikokinta da yatsu, da na ɗakina da na ɗakin Gambo da marayun, ta ce a ba ta wadda za ta ishe su, ta miƙa ragowar kuɗin akuyar duka.

Ban ce ku so ta ba. Ni kaina ban gama shawara a kanta ba, don ta ceci 'ya'yan gidan da sunana, ba ta kuma nemi izinina ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne ban roƙi tukunya ba, kuma ban raba gidan kakanku don ƙoshin cikina ba. Muciyar ta gajarce ta ƙare, rariyar ta yage tun kuna ƙanana. Tukunyar ce ta rage, ita ce wadda kuke zuwa aro duk lokacin da za a yi suna, kuna cewa a ba ku babbar ta Habsu. Daga yau ku riƙa cewa ta Inna. Ta rayu shekaru bayan yunwar, an yi ƙoshi, an dafa shinkafa da nama a cikinta, amma har ta koma ga Allah ba ta taɓa sa loma ɗaya daga tukunyar nan a bakinta ba.